Ciki Ba Ya Bin Kalandar Kamfani

A Amurka akwai wani asusu da ma'aikaci kan buɗe ta hannun kamfanin da yake wa aiki, wanda kowa ke kira FSA. Idan aka warware haruffan, sunan yana nufin asusun kashe kuɗi mai sassauci. Wanda ya raɗa masa wannan suna ko dai gwanin ba'a ne, ko kuma bai taɓa gwada biyan ungozoma da shi ba. Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja a ƙasar nan muna da bakin magana a kansa ta fuska biyu. Yawancinmu muna da asusun, tunda kamfanonin fasaha ba sa rasa shi cikin kayan zaƙin da suke jawo ma'aikata da su. Sannan 'yan sana'armu ne suka rubuta manhajar da ke watso wa mai jego saƙon cewa an ƙi biyan buƙatarta. Mun san yadda ake ƙera irin wannan ƙi, ba daga sama yake faɗowa ba.

Ga wanda bai san asusun ba, ga yadda yake. Wajen Oktoba ko Nuwamba kamfani kan ware 'yan makonni, kowane ma'aikaci ya faɗi nawa yake so a yanke daga albashinsa na shekara mai zuwa a ajiye masa domin hidimar lafiya. Ana yankar kuɗin tun haraji bai taɓa shi ba, nan ribar take. A 2025 iyakar abin da mutum ɗaya zai zuba dala 3,300 ce. Wanda harajin tarayya ke cin kashi 22 cikin ɗari na saman albashinsa, in aka haɗa da kashi 7.65 na fansho da lafiyar tsofaffi, ya tsira da kusan dala 980 idan ya cika asusun. Kuma tun ranar farko ta shekara yana iya kashe dukan abin da ya yi alkawari, ko da ba a gama yanka ba. To sai sharaɗin: abin da ya rage bai kashe ba har shekara ta ƙare, ya zama na kamfani. Asusun ya tsiro ne daga sashe na 125 na dokar haraji, wanda aka kafa a 1978, sharaɗin ƙwacewar kuma hukumar haraji ta IRS ce ta fito da shi a 1984. An ɗan sassauta daga baya. A 2005 aka yarda kamfani ya ƙara wa ma'aikata wata biyu da rabi, zuwa 15 ga Maris. A 2013 aka yarda a tsallaka da dala 500 zuwa sabuwar shekara, abin da ya kai 660 a 2025. Kamfani ne ke zaɓar ɗaya daga cikin biyun, ba a haɗa su, in ya ga dama kuma ya ƙi duka.

Yanzu a kawo ungozoma. Dokar haraji ba ta da ja: kula da mai ciki da karɓar haihuwa hidimar lafiya ce, kuma kuɗin ungozoma mai lasisi yana cikin abin da asusun ya halatta, a asibiti ta karɓi haihuwar ko a ɗakin kwanan matar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga iyalin da suka zaɓi gida, domin inshorar wurin aiki da yawa ko dai ba ta biyan haihuwar gida sam, ko kuma ungozomar ba ta cikin jerin waɗanda ta ƙulla yarjejeniya da su. Daga aljihu ake biya. Wani bincike da aka buga a 2021 ya sa matsakaicin kuɗin a dala 4,650, a manyan birane kuwa ya kan zarce haka. Rijiya dai ta ba da ruwa. Saura guga.

Ungozomar gida ba ta lissafi irin na asibiti, allura kaza, dare kaza. Kuɗi ɗaya take yankawa a dunƙule: awon ciki tun daga watannin farko, zaman jiran kira dare da rana daga mako na 37 har na 42, naƙuda komai tsawonta, mataimakiyar da za ta zo da ita, da zirga-zirgar duba uwa da jariri har mako shida bayan haihuwa. Da yawansu suna so a gama biya kafin mako na 36. Ba zalama ba ce. Mace ce da ke ɗaukar mata ƙalilan a wata don kada naƙuda biyu su haɗe mata, ba ta da ofishin bin bashi, kuma babu mai hankalin da zai so ya tsaya a kan mai jego yana tambayar cikon kuɗi. Ita kuwa IRS, ƙa'idarta ita ce ba a ɗaukar an kashe kuɗin lafiya sai ranar da aka yi hidimar. Ranar da aka biya ba ruwanta da ita, haka ranar da aka rubuta takardar kuɗi. Saboda haka dala dubu huɗun da iyali suka harhaɗa suka miƙa a wata na takwas, a idon asusun ba a kashe su ba tukuna. Su jira a haihu. Wani kamfanin riƙon asusu ma cewa zai yi su jira ziyarar ƙarshe ta mako shida, tunda tana cikin dunƙulen.

Mu masu lissafi ne, bari mu yi lissafi. Likitoci suna ƙirga ciki kwana 280 daga hailar ƙarshe. Shekara kwana 365 ce, kuma yawancin kamfanoni daga Janairu zuwa Disamba suke ƙirga shekarar asusun. Duk jaririn da ya zo a kan lokacinsa daga 1 ga Janairu zuwa makon farko na Oktoba, cikinsa ya faro ne a shekarar da ta wuce. Sama da kashi uku cikin huɗu na kwanakin shekara ke nan: ciki ɗaya, shekarar asusu biyu, aljihu biyu da aka hana su gauraya. Ragowar, waɗanda aka haifa daga Oktoba zuwa Disamba, cikinsu ya zauna daram cikin shekara ɗaya, sai dai shekara ce da aka rufe zaɓenta tun Nuwamban baya, lokacin da babu cikin ma. Ko dai ciki ya raba ƙafa, ko kuma a ce wa ma'aurata su yi duba. Babu ciki na uku. A wurin aikinmu, tsarin da aka rasa ko misali ɗaya na zahiri da ya shige shi daidai ba ya wuce gwajin farko, mayar wa mai shi ake yi. Wannan kuwa ya shekara arba'in yana aiki.

A ɗauki matar da ake sa ran za ta sauka 10 ga Janairu. Da yake suna neman haihuwa, mijinta ya cika asusun wannan shekara tun bara, ya sake cika na baɗi a Nuwamba. Sun gama biyan ungozoma cikin Disamba. Takardar da za ta ba su tana ɗauke da kwanan wata ɗaya, ranar haihuwa. Idan jariri ya zo a Janairu, kuma kamfaninsu ba ya cikin masu ƙara wata biyu da rabi, kuɗin tsohuwar shekara ya tafi sai ɗan abin da aka yarda a tsallaka da shi, na sabuwar kuma bai kai kuɗin ungozomar ba. Idan jariri ya yi sammako da mako biyu ya zo 27 ga Disamba, labari ya juye, yanzu kuɗin sabuwar shekara ne za a shiga nema wa hanya. Makomar dala dubu uku tana rataye a kan daren da naƙuda ta ga dama ta tashi.

Wani zai ce ai sai a gyara zaɓen in an ga ciki. Ba a yarda ba. An jera abubuwan da ke ba da damar canji a tsakiyar shekara: aure, saki, mutuwa, canjin aiki, haihuwa, ɗaukar riƙon yaro. Ciki ba ya ciki. Haihuwa tana buɗe ƙofa, yawanci na kwana 30, amma a mafi yawan tsare-tsare ƙarin da aka yi yana aiki ne daga ranar da aka yi shi zuwa gaba, ba ya komawa baya ya rufe haihuwar da ta buɗe ƙofar. Ihu bayan hari.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne IRS ta san ciwon, ta kuma san maganinsa. A daftarin ƙa'idojin da ta fitar a 2007, wanda har yau da shi ake aiki, ta yarda asusun ya mayar da kuɗin da aka biya tun kafin a yi aikin, idan aikin na ƙarfen daidaita haƙora ne. Hujjar a fili take: aiki ne mai ɗaukar watanni da yawa, yana tsallaka shekara, likita kan karɓi kuɗinsa a gaba a dunƙule, kuma ba shi da ma'ana a tsaya rarraba wace waya aka ɗaure a wane wata. Babu kalma ɗaya cikin wannan hujja da ba ta hau kan ciki ba. Haƙoran ɗan shekara goma sha uku sun samu sassaucin da aka hana uwar da ta haife shi. Ba mu yi mamaki ba, domin asusun nan ya saba makara wajen gane jikin mace. Sai a 2011 IRS ta amince cewa na'urar tatsar nono kayan lafiya ce. Audugar mata kuwa sai da annobar korona ta zo, majalisa ta cusa ta cikin dokar agaji ta 2020.

Mu zo gida, wato kan manhaja. Ana ba ma'aikaci kati kamar na banki. Duk mai karɓar kuɗi da kati yana da lamba mai alƙaluma huɗu da ke nuna irin sana'arsa, kuma katin FSA yana wucewa ne inda lambar ta nuna asibiti, likita, kantin magani da makamantansu. Ungozomar gida da yawa da caki suke karɓar kuɗi, ko ta Zelle ko Venmo, wata kuma na'urar katinta an yi mata rajista da lambar da ba ta lafiya ba. Kati ya ƙi. Sai a koma cika fom, a nan ne ake cin karo da gurbin ranar hidima, wanda aka yanka daidai da wanda ya je asibiti ya dawo a wuni ɗaya. Masu inshora suna da lamba guda, 59400, wadda ta haɗa awo da haihuwa da duba bayan haihuwa, ana kuma liƙa mata ranar haihuwa. Akwai lambobin da ke rarraba su: 59425 da 59426 na awo, 59409 na karɓar haihuwa kaɗai, 59430 na bayan haihuwa. Sai dai matar da ba ta hulɗa da inshora, wadda ta kwana a tsaye kan naƙuda, ita ce za ta zauna ta fasa dunƙulen kuɗinta gida-gida don kwamfuta ta gane. A 2023 lauyoyin IRS suka ƙara jan kunne cewa kowace buƙata, komai ƙanƙantarta, sai da takardar shaida daga wanda ya yi hidimar, in ba haka ba dukan tsarin kamfani na iya rasa rangwamen harajinsa. Mai riƙon asusu ya ji da kyau. Idan ya biya bisa kuskure, shi ke cikin haɗari. Idan ya ƙi bisa kuskure, mai jego ce za ta zauna riƙe da waya a kunne ɗaya, jariri a hannu ɗaya.

Mun zauna a isassun tarurrukan tsara manhaja har mun san yadda ake haihuwar irin wannan gurbi. Ana zana mutum ɗaya a allo, a ce shi ne mai amfani da abin, duk wanda bai yi kama da shi ba a jefa shi cikin jerin abubuwan da za a duba daga baya. Daga bayan nan ba ta zuwa. Mutumin da aka zana wa FSA yana sayen tabarau, yana cike haƙori, yana biyan dala ashirin a ƙofar likita. Ba ya ɗaukar ciki.

Ungozomar ma ba yau aka fara share ta daga allo ba. A 1900 kusan rabin haihuwar Amurka a hannun ungozomomi take, kusan duka a gida. Kafin 1970 kashi 99 cikin ɗari sun koma asibiti. A jihohin kudu baƙaƙen mata ne suka riƙe sana'ar, irin su Mary Coley ta Jojiya da aka yi fim a kan aikinta a 1953, da Margaret Charles Smith ta Alabama, har aka bi su da dokoki aka tsayar. Alabama ta daina ba su izini a 1976, ba ta sake buɗe ƙofa ga ungozomar da ba nas ba sai 2017. Yau ungozomar da ta fara zama nas tana da lasisi a dukan jihohi hamsin, amma mafi yawansu a asibiti suke aiki. Masu takardar CPM, waɗanda su ne ƙashin bayan haihuwar gida, jihohi talatin da wani abu ne ke ba su lasisi. Tunda dokar haraji ba ta amincewa da kuɗin hidimar da ta saɓa wa doka, ma'aikata biyu na kamfani ɗaya, albashi ɗaya, asusu iri ɗaya, ana iya biyan ɗaya a hana ɗaya saboda kogin da ya raba jihohinsu. Duk da haka mata suna komawa. Haihuwar gida ta tashi daga 38,506 a 2019 zuwa 51,642 a 2021, kashi 1.41 cikin ɗari, adadin da ba a gani ba tun aƙalla 1990, kuma a tsakanin baƙaƙen mata ƙaruwar ta fi sauri. Wanda ya san cewa a 2021 baƙaƙen mata 69.9 a kowace haihuwa 100,000 suka mutu a dalilin ciki ko haihuwa, fararen mata kuma 26.6, ba zai tambayi abin da suke gudu ba. Matanmu da 'yan'uwanmu mata, da zarar sun shiga ɗakin haihuwa a ƙasar nan, cikin lissafin farko suke.

Akwai ƙorafi mai nauyi da ba za mu kauce masa ba: haihuwar gida tana da haɗarinta. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta faɗa a 2017 cewa tana rage yawan tiyata da yankan da ake wa uwa, amma tana ninka haɗarin mutuwar jariri fiye da sau biyu, ko da yake adadin ƙarami ne, ɗaya zuwa biyu cikin dubu. Ta ce sam bai dace ba ga tagwaye, ko jaririn da bai juyo da kai ba, ko matar da aka taɓa yi wa aiki. Babban binciken Ingila na 2011 ya gano cewa ga matar da ta taɓa haihuwa kuma cikinta ba shi da matsala, gida da asibiti ba su bambanta ga jariri ba, amma ga haihuwar fari haɗarin ya ƙaru, kuma kusan kashi 45 cikin ɗari a asibiti suka ƙarasa. Mai karatu a Kano ko Damagaram kada ya ɗauki wannan rubutu a matsayin izini. Haihuwar gidan da muke magana a kai tana zuwa da ungozoma mai horo, da iskar numfashi, da allurar tsayar da jini, da asibitin da ake kaiwa cikin mintuna. Inda babu waɗannan, zama gida ganganci ne, kuma maƙabartunmu sun isa shaida.

To amma ina ruwan gurbin kwanan wata da lafiyar jariri? Ƙin biyan kuɗin ungozoma bai taɓa ceton rai ba. Abin da yake yi shi ne tura iyali ga mai araha maimakon mai lasisi, ko sa su jinkirta fara awo har sabuwar shekara ta kama. Ingila ta ga alƙaluman nan duka, kuma hukumar lafiyarta ita ke turo ungozoma gida ba tare da an biya ko kwabo ba. Lardin Ontariyo na Kanada tun 1994 yake biyan ungozomomi daga baitulmali. Wanda ke biya shi ke iya gindaya sharaɗin horo da na garzayawa asibiti. Amurka ta zaɓi ta ƙi biya, sannan ta yi mamakin cewa ba ta da iko a kan abin da ke faruwa.

Kuɗin da aka ƙwace kuma ba ɓacewa yake ba. Cibiyar binciken haƙƙoƙin ma'aikata ta EBRI ta gano cewa a 2022 kusan rabin masu asusun sun bar wani abu a baya, matsakaicinsa dala 441. Kamfani ke ɗauka, bayan kashi 7.65 na nasa harajin da ya riga ya tsira da shi a kan kowace dala da ma'aikaci ya zuba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Hujjarsu ita ce wani ma'aikacin kan kashe duka a Janairu ya ajiye aiki a Fabrairu, ya bar su da asara. Hakan na faruwa. Sai dai ba mu ga dalilin da zai sa matar da naƙudarta ta tsallaka 31 ga Disamba ta biya bashin wanda ya gudu ba. Masu cewa a koma asusun HSA, wanda aka ƙirƙira a 2003 kuma kuɗinsa ba ya ƙonewa, su ƙara da cewa sai mai inshorar da ke barin mutum ya fara biyan dubbai daga aljihunsa ne ke da izinin buɗe shi, kuma FSA na yau da kullum da miji ya buɗe a nasa wurin aikin yana hana matar zuba kuɗi a HSA ɗinta. An sayar da kare an sayi biri.

Mu da muke wannan ƙorafi ma 'yan gata ne. Mai aikin kansa ba shi da FSA. Direban tasi a Bronx, da mai kitso a Harlem, da ita kanta ungozomar da ake ta faman biya, duk suna waje. Kusan kashi 41 cikin ɗari na haihuwar Amurka shirin Medicaid na marasa ƙarfi ke biya, kuma ko zai biya haihuwar gida ya danganta da jihar da mace take. Rangwamen yana girma ne da girman albashi: mai biyan harajin kashi 12 zai tsira da kimanin dala 650 a inda mu muke tsira da 980. Gyaran gaskiya shi ne inshora ta biya ungozoma mai lasisi kamar yadda take biyan asibiti, wanda lissafin 2022 ya nuna ciki da haihuwa da jego suna cin dala 18,865 a matsakaici ga masu inshorar manyan kamfanoni, kusan ninki huɗu na kuɗin ungozomar gida.

Kafin a kai can, akwai abin da bai buƙaci majalisa ba. IRS da kanta ta rubuta sassaucin haƙora, da alƙalami ɗaya za ta ƙara ciki a gefensa, ta kuma sa tabbatar ciki cikin dalilan canza zaɓe. Gurbin kwanan wata kuwa namu ne. Fom ɗin da zai karɓi jerin ziyarori, kowace da ranarta da rabonta na kuɗi, ya raba su tsakanin shekara biyu da kansa, ba ya saɓa wa ƙa'ida ko ɗaya da ke nan yanzu, kuma aikin 'yan makonni ne ga ƙaramar tawaga. Iyalin da ke da ciki a yau su tambayi ofishin ma'aikata a rubuce, wata biyu da rabi ake ƙarawa ko tsallaka kuɗi ake yi, tun kafin su rubuta adadi. Su roƙi ungozoma tun ziyarar farko ta riƙa ba su takarda mai ranar kowane awo da farashinsa, mai ɗauke da lambar lasisinta. Idan miji da mata kowa yana da wurin aikinsa, kowanne yana da ikon cika nasa asusun. Idan kuma an ƙi biya, dokar tarayya ta ba ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu kwana 180 na ɗaukaka ƙara, kuma wajibi ne mai riƙon asusu ya nuna a rubuce wane sashe na tsarin ya dogara da shi. A nemi sashen, da lambarsa.